Yadda Za Ka Ga Osmosis da Idonka, Ka Kuma Auna Ƙarfinsa da Dankali da Sukari

Duk wadda ta taɓa yanka kokwamba da albasa ta barbaɗa musu gishiri don a ci da garau-garau ta san abin da ke biyo baya. Kafin a gama tsame wake, ruwa ya kwanta a gindin faranti, kokwambar da ɗazu take da ƙwari ta yi laushi. Ba wanda ya zuba ruwan nan. Daga jikin kokwambar ya fito, gishirin ne ya jawo shi waje. Sunan wannan abu a kimiyya osmosis, kalma ce mai asali daga Girkanci, ma'anarta turi.

Na daɗe ina koyar da kemistiri a wata sakandare da ke Tudun Wadan Zariya, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda yara ke haddace ma'anar osmosis tiryan-tiryan don jarrabawar WAEC da NECO, amma da zarar ka ce, "To wa ke tafiya, ruwan ko gishirin?" sai aji ya rabu biyu. Maganin wannan ruɗani shi ne mutum ya gani da idonsa, ya auna da hannunsa. Kayan aikin kuwa duk suna nan a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru.

Abin da za ka riƙe kafin ka ɗauki wuƙa

Jikin duk wani mai rai, tsiro ko dabba, an gina shi ne da wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira sel. Kowane sel yana lulluɓe da tantani, kuma tantanin nan yana zaɓe: yana barin ƙwayoyin ruwa su wuce cikin sauƙi, amma yana tare yawancin abin da ya narke a cikin ruwan, kamar sukari da gishiri. Kamar rariya yake, sai dai ramukansa sun yi ƙanƙantar da ruwa kawai ke samun hanya. A 1992 ne wani likita Ba'amurke, Peter Agre, ya nuna cewa akwai wasu ƙofofi na musamman a jikin tantanin sel da ruwa ke bi, ana kiransu akwaforin, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2003.

Ƙwayoyin ruwa ba sa zama wuri ɗaya. Kullum cikin kai-komo suke, suna ratsa tantanin ta kowane ɓangare. Amma da zarar an narkar da wani abu a cikin ruwa, ƙarfin tserewar ruwan yana raguwa. Dalili ɗaya ne da wanda ya sa ruwan gishiri ke buƙatar ƙarin zafi kafin ya tafasa, da ƙarin sanyi kafin ya yi ƙanƙara. Saboda haka ruwan da ke barin ɓangaren tsararo ya fi wanda ke dawowa yawa, sai a ga ruwa yana taruwa a ɓangaren da narkakkun ƙwayoyi suka fi cunkoso. Ruwa ne ke tafiya, kuma inda cunkoso yake ya nufa.

Matsin osmosis kuma shi ne yawan dannawar da za ka yi wa ɓangaren mai cunkoso kafin ka tsayar da shigowar ruwan cak.

Gwaji na farko: ramin dankali

Wannan ba ya cin lokaci. Samo dankalin turawa manya guda uku, ko gutsuren doya. Fere su, ka sare gindin kowanne ya zauna daram, sannan ka ƙwaƙule rami a sama da cokali, ka kiyaye kada ka huda gindin. Dafa guda ɗaya na minti goma. Jera su a faranti mai ɗan zurfi, ka zuba ruwa ya kai rabin tsayinsu. Zuba cokali ɗaya na busasshen sukari a ramin ɗanye guda da ramin dafaffen, ka bar ɗanye na ukun ba komai.

Bayan awa biyu zuwa uku, ramin ɗanyen mai sukari zai tara ruwa, wani lokaci har ya tumbatsa. Wanda ba sukari zai zauna a bushe. Dafaffen kuwa sukarinsa zai ɗan jiƙe da damshin dankalin, amma ruwa ba zai hau ba, domin zafi ya lalata tantanin sel ɗinsa, ba sauran mai zaɓe. Dafaffen nan shi ne ya fi koyarwa, kada ka tsallake shi.

Gwaji na biyu: ƙwai ba ɓawo

Sa ɗanyen ƙwai biyu a kofi, ka zuba ruwan kal, wanda wasu ke kira binega, ya shanye kansu. Nan take za ka ga ƙananan kumfa sun lulluɓe ɓawon: tsamin ne ke cin sinadarin alli da aka yi ɓawon da shi, iskar kabon-dayoksaid na fita. Sauya ruwan kal ɗin bayan kwana ɗaya. A kwana na biyu ka murje ƙwan a hankali a cikin ruwa, za ka tarar da shi sulɓi, yana motsi a tafin hannu kamar balan-balan, ba abin da ke riƙe da shi sai tantani. Zagaya cikinsa da zare ka auna tsawon zaren a jikin rula. Sa ɗaya a ruwan zalla, ɗaya a zuma ko ruwan sukari mai danƙo, su kwana. Da safe na ruwan zalla ya ƙara kumbura ya yi tam, na zuma kuwa ya yamutse ya shafe, har kana iya jin kwaiduwar da yatsa, zumar da ke kewaye da shi ta tsinke. Mayar da yamutsattsen cikin ruwan zalla, zai sake cika. A zubar da ƙwan bayan an gama, ba na ci ba ne.

Gwaji na uku: auna ƙarfin jan ruwan dankali

Nan ne aikin yake, kuma nan nake so ka natsu.

Kana buƙatar sukari gram 171, kofuna shida iri ɗaya, sirinji mai cin mililita 20 daga kemis, rula, reza ko wuƙa mai kaifi, babban dankali guda ɗaya, da ƙaramin sikelin batir mai auna ƙasa da gram, irin wanda masu sayar da gwal ke amfani da shi. In babu sikelin, rula za ta yi aiki, sai dai awonta bai kai na sikeli daidaito ba.

Fara da haɗa uwar ruwa. A kemistiri ana ƙirga ƙwayoyi da wani ma'auni mai suna mol, kuma mol ɗaya na sukarin da muke sha nauyinsa gram 342. Rabinsa ke nan 171. Narkar da wannan sukari a ruwa kaɗan tukuna, sannan ka ƙara ruwa har dukkan haɗin ya kai rabin lita daidai. Kula da wannan: idan ka zuba sukarin a cikin ruwan da ya riga ya cika rabin lita, haɗin zai zarce rabin lita, lissafinka ya karkace tun daga tushe. In ka yi daidai, kana da ruwa mai cunkoson mol 1 a lita.

Yanzu ka tsinka shi. Kowane kofi zai ɗauki mililita 100. Kofi na farko ruwan zalla. Na biyu uwar ruwa 20 da ruwan zalla 80, ya ba ka mol 0.2 a lita. Na uku 40 da 60, wato 0.4. Na huɗu 60 da 40, wato 0.6. Na biyar 80 da 20, wato 0.8. Na shida uwar ruwa tsantsa. Rubuta lambar kowane kofi a jikinsa kafin ka zuba komai.

Fere dankalin tas, domin ɓawonsa yana hana ruwa ratsawa. Yanka shi siri-siri, tsawon santimita 5, kaurinsu ɗaya, kamar kaurin fensir. Duk su fito daga dankali ɗaya, saboda sabon haƙa da wanda ya daɗe a buhu tun daga Jos ba ruwa ɗaya ne a jikinsu ba. Yanka goma sha takwas, uku-uku a kowane kofi. Dangwala su a busasshen tsumma, ka auna nauyin kowane rukuni, ka rubuta, ka jefa su a kofunan a lokaci guda.

Rufe kofunan da leda ko marfi. Na koyi wannan ne ta hanya mai ciwo. Wata shekara a tsakiyar hunturu na shirya gwajin nan da yara, na bar kofunan a buɗe bisa taga suka kwana. Iskar hunturun Zariya ta zuƙe ruwan, cunkoson kowane kofi ya ƙaru, sakamakon ya fito a karkace. Wata yarinya da ta fi kowa ɗokin aikin ta dube ni ta ce, "Malam, ko dai littafin ne ya yi kuskure?" Na ce, "A'a 'yata, laifina ne, ban rufe kofunan ba." Muka sake daga farko a mako na gaba, kuma har yau ba na manta yadda fuskarta ta washe da lambobin suka jeru yadda ya kamata.

Bayan awa biyu, tsame su, ka dangwala su a tsumma kamar yadda ka yi da farko, ba matsewa, sannan ka sake aunawa. Kafin ma ka duba sikeli, lanƙwasa su da yatsu. Na ruwan zalla ya sandare, in ka matsa masa sai ya karye ƙas. Na kofi na shida ya yi laƙwas, kana iya naɗe shi a yatsa.

Lissafin canji shi ne: ka cire nauyin farko daga na ƙarshe, ka raba da nauyin farko, ka ninka da 100. A ce rukuni ya fara da gram 12.0 ya koma 13.2, ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari. In ya koma 9.6, ya ragu da kashi 20. Zana wannan a takardar giraf, cunkoson sukari a kwance, canjin nauyi a tsaye. Layin zai faro daga sama ya gangaro, ya ratsa layin sifili a wani wuri. A wannan mararrabar dankali bai sha ruwa ba, bai kuma yi asara ba, wato jan da yake wa ruwa ya yi kunnen doki da na ruwan sukarin. Ga yawancin dankali wurin yakan faɗo tsakanin 0.2 da 0.4.

Daga giraf zuwa matsi

Tarihin lissafin nan yana da daɗi. A 1748 wani limamin coci Bafaranshe, Jean-Antoine Nollet, ya rufe bakin kwalbar barasa da mafitsarar dabba ya nutsa ta a ruwa, ya ga mafitsarar ta kumburo. Sai a 1877 masanin tsirrai Bajamushe Wilhelm Pfeffer ya iya auna matsin da kyau, kuma da ƙaramar tukunyar ƙasa ya yi, mai tsattsafo irin na randa, bayan ya sa wani tantanin sinadari ya kafu a cikin ƙofofinta don kada matsi ya fasa shi. Lambobin Pfeffer ne Jacobus van 't Hoff ɗan ƙasar Holan ya duba ya gane cewa narkakkun ƙwayoyi suna bin doka irin ta iskar da aka kulle a tulu. Shi ne mutum na farko da aka ba kyautar Nobel ta kemistiri, a 1901. Ga dokar:

π = i × C × R × T

A nan π matsin osmosis ne, ba ruwansa da 3.14 na da'ira. C cunkoso ne, mol a lita. R lamba ce da ba ta canzawa, 0.0821. T zafi ne a ma'aunin Kelbin, wato digirin Salshiyos a tara da 273. Shi kuwa i yana nuna gida nawa ƙwaya ɗaya ke rabewa in ta narke: sukari ba ya rabewa, nasa 1, gishiri yana rabewa gida biyu, sodiyam da kulorayid, nasa 2. Amsar tana fitowa a atm, wato nauyin iskar da ke danne mu a bakin teku.

A ce layinka ya ratsa sifili a 0.3, zafin ɗaki kuma digiri 27, wato Kelbin 300. Ninka 1 × 0.3 × 0.0821 × 300, ka samu atm 7.4. Tayar ƙaramar mota da mai faci ya cika tana ɗauke da atm 2 da 'yan kai ne kawai. Atm ɗaya yana iya riƙe ruwa a bututu tsayin mita 10 da ɗoriya, don haka 7.4 ya kai kusan mita 76, ya zarce ginin Sanet na jami'ar Ahmadu Bello nesa ba kusa ba. Duk a cikin yankin dankali. Sai dai ka sani, abin da ka auna jan ruwan dankalin ne bayan an cire turin da bangon sel ɗinsa ke yi, domin sel ɗin tsiro yana da bango mai ƙarfi a bayan tantani, wanda ke dannowa in ya cika. Matsin ruwan cikin sel ɗin kansa ya ɗara haka.

Yanzu ga abin da na fi so ɗalibi ya fita da shi. Dokar nan ba ta tambayar nauyin abu ko ɗanɗanonsa, adadin ƙwayoyi take ƙirgawa. Narkar da gishiri gram 10 a lita ɗaya. Mol ɗaya na gishiri gram 58.5 ne, don haka kana da mol 0.171, ka ninka da 2, da 0.0821, da 300: atm 8.4. Sukari gram 10 a lita mol 0.029 ne kacal, matsinsa atm 0.7. Nauyi ɗaya, amma gishiri ya ninka sukari kusan sau goma sha biyu. Shi ya sa ɗan barbaɗen gishiri ke tatse kokwamba. Kuma shi ya sa kauri a ido ke yaudara: koko yana da kauri, amma ƙwayoyin sitaci manya ne ƙwarai, adadinsu kaɗan, jan ruwansu bai taka kara ya karya ba. A zahiri i na gishiri yakan ɗan gaza 2, wajen 1.9, saboda rababbun ƙwayoyin suna ɗan jan juna, amma a jarrabawa 2 ake amfani da shi.

Inda lissafin ke taɓa rayuwa

Manomin masara da ya zuba yuriya ta manne da gindin shuka a busasshiyar ƙasa, bayan kwana biyu ya ga ganye ya ƙone, yakan ce taki ya yi zafi. Babban abin da ya faru shi ne takin ya narke a ɗan damshin da ke wurin, cunkoson ƙasa ya fi na saiwa, ruwa ya juya yana fita daga shukar. Saboda haka a tona rami kamar santimita 5 daga gindi, a zuba, a rufe, kuma a yi bayan ƙasa ta sha ruwa. Masu noman rani a fadamun Galma su lura da farin ɓurɓushi a bakin kunya: gishiri ne ke taruwa, kuma shuka na iya yin yaushi a jiƙaƙƙiyar ƙasa saboda shi. Haka gishirin da ake shafa wa fata kafin a kai ta majema, da sukarin mazarƙwaila, da zuma, duk suna tatse ruwan ƙwayoyin cuta ne, su kasa hayayyafa.

A asibiti maganar ta fi nauyi. Ruwan ƙarin da ake ɗaura wa majinyaci a asibitin koyarwa na Shika yana ɗauke da gishiri gram 9 a lita, wato mol 0.154. A zafin jiki, digiri 37, lissafin yana ba da atm 7.8, dab da na jini. Sel ɗin jini ba shi da bango irin na dankali. In aka zuba masa ruwan zalla ta jijiya zai sha har ya fashe, in gishiri ya yi yawa ya yamutse kamar ƙwan nan na cikin zuma.

Wannan ne kuma ya sa nake roƙon iyaye mata da su bi awo sau da ƙafa wajen haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Na leda da ake samu a kemis shi ya fi, a narkar da shi a daidai yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage cunkosonsa daga 311 zuwa miliosmol 245 a lita (miliosmol ma'auni ne na adadin narkakkun ƙwayoyi), ƙasa da na jini, don ruwa ya riƙa bi daga hanji zuwa jiki. Gulukos, wato nau'in sukarin da ke cikinsa, yana shiga bangon hanji tare da sodiyam, ruwa ya biyo su. In babu na leda, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha, kada kuma a ba shi lemon kwalba a madadinsa. Lemon yana da sukari wajen gram 100 a lita, wanda ke rabewa gida biyu a hanji, cunkoson ya ninka na jini, ya jawo ruwa daga jikin yaron zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. A zubar da ragowar bayan kwana ɗaya. Yaron da idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko ya daina fitsari, a garzaya da shi asibiti.

Juya akalar ruwa

Tunda matsin osmosis shi ne dannawar da ke tsayar da ruwa, in ka danna fiye da haka ruwan zai juya baya: ya bar ɓangaren gishiri ya ratsa tantani ya fito zalla. Ruwan teku yana da gishiri wajen gram 35 a lita, matsinsa kusan atm 27, don haka injinan tace shi suna dannawa da fiye da atm 50. Tantanin farko da ya yi wannan aiki da saurin da zai biya bukata Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka ƙera shi a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, wajen 1960. Yau ƙasashe irin su Saudiyya suna samun ruwan sha mai yawa ta wannan hanya, kuma irin injin ne, ƙarami, ke aiki a gidajen fiya wata da dama. Ruwan burtsatse gishirinsa kaɗan ne, matsin da yake buƙata bai kai na teku ba ko kusa.

In kana kula da irin wannan inji, sa matatar yashi da ta gawayi a gaban tantanin, domin laka tana toshe shi, kulorin kuma yana cinye shi. Kada ka toshe bututun da ke zubar da ragowar ruwa don tsimi: shi ke kwashe gishirin da tantanin ya tare, in ya tsaya cunkoso zai hau, matsin da famfo ke fama da shi ya ƙaru, ruwa mai kyau ya ragu. Sayi 'yar na'urar auna narkakkun abubuwa, mai kama da biro, ka riƙa gwada ruwan shiga da na fita kowane mako kana rubutawa a littafi. Ranar da lambar ruwan fita ta fara hawa tana matsowa kusa da ta ruwan shiga, tantanin ya huje ko ya tsufa, lokacin sauya shi ya yi.